Titin da Aka Hana Lafiya Tsallakawa

"Me ke cikin jakar nan?"

"Littattafai ne, ranka ya daɗe."

"Wane littafi ne yake da igiyar roba?"

Na sunkuya na duba. Ashe bututun na'urar awon jini ne ya zuro kai ta bakin zip, yana lilo kamar wutsiyar ɓera. Ƙafata ɗaya tana kan kwalta, ɗaya tana bakin kwata, na sha turare, na goge takalmi, ga Mai Girma Kodineta ya riƙe mini hannun riga a gaban mai aski da duk masu jiran aski. Da ƙasa tana da tausayi, da ta tsage na shige.

Kada ka yi saurin yanke hukunci, mai karatu. Ba ɓarawon kayan asibiti ne yake cika maka wannan shafi kowane mako ba. Bari in ɗan koma baya.

Bara waccan wasu bayin Allah da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba, waɗanda a unguwa muke kira Iyayen Tallafi, suka tuna da mu. Allah ya ƙara musu tunawa. Suka aiko da abin da aka rubuta a ƙyalle da manyan baƙaƙe: Shirin Inganta Lafiyar Al'umma da Walwalar Matasa. Ƙyallen ya fi ɗakin shirin faɗi, sai da gefensa ya hau bangon maƙwabci. Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an yi jawabai har tafin hannuna ya yi zafi, wani Babban Mai Girma ya yanke zare da almakashi, aka ɗauke shi hoto yana riƙe da hannun wata tsohuwa da bai tambayi sunanta ba. Da yamma aka kwashe kujeru. Aka bar mu da tsohon shagon siminti da aka shafa wa farin fenti, benci, sikeli, na'urar awon jini, da Sista, ma'aikaciyar jinya.

Ni mai ƙorafi ne, da shi nake ci, amma a kan Sista bakina ya mutu. Tana auna tsofaffi tana yi musu faɗa a kan gishiri kamar ita ta haife su. Da sassafe ta tattara samari da 'yan mata a filin makaranta a yi motsa jiki. Ranar Laraba ta ja ƙofa ta saurari matasan da duniya ta yi wa zafi: mai takarda ba aiki, wanda barci ya ƙaurace masa, wanda ya fara shaye-shaye yana neman hanyar dawowa. Ni kaina na taɓa zama a bencin nan, lokacin da wata jarida ta dawo mini da rubutuna ba ko sannu. Sista ta saurare ni har na gama, ta ce in sha ruwa in yi tafiyar ƙafa. Na ji haushi, amma ya yi aiki.

Abin da ba a faɗa mana ba ranar jawabai shi ne, titin da ya ratsa tsakiyar unguwarmu ya zama iyaka. Mu na wannan gefe mu ne "masu cin gajiya". Na tsallake kuwa an naɗa musu sarautar "ɓangaren kwatance". Hikimar ita ce, in kana son ka san magani yana aiki, dole ka bar wani ba magani, sai ka dawo daga baya ka kwatanta. Ƙuri'a aka jefa a wani ofishi mai sanyi, ta faɗo gefenmu. Don haka na tsallake an auna su da farko, za a auna su a ƙarshe, a tsakani kuma Allah ya ba su lafiya. Mu magani ne rabonmu, su awo.

To ni kuma, da yake zuciya ba ta halarci wajen jefa ƙuri'ar ba, sai ta je ta faɗa ɓangaren kwatance.

Ba zan faɗi sunanta ba, don ta ce ranar da ta gan shi a jarida ranar zan ga bayanta. Mu kira ta Mutuniyar. Malamar firamare ce, kuma yadda take kallon yaro mai ƙarya haka take kallon marubuci. Mahaifinta shi ne Baba Mai Agogo, wanda ya yi rayuwarsa yana leƙa cikin agogon mutane da gilashi a ido ɗaya, har zamani ya mayar da agogo cikin waya. Da can in na yi sallama a ƙofar gidansa, sai in ji yana cewa daga ciki, "Ke, ga wannan yaron mai rubuce-rubuce nan." Yadda yake faɗin "rubuce-rubuce" sai ka ɗauka wata cuta ce mai yaɗuwa.

Wata yamma ina tsaye ina jiran ta, Baba ya miƙe daga kujerarsa, ya dafe bango, ya ce gidan yana juyawa. Na kwasa da gudu na tsallaka wurin Sista. Ta ɗaga jakarta, ta kai bakin ƙofa, sai ta tsaya.

"An hana ni tsallakawa," ta ce. "Na sa hannu a kan haka. Amma na'ura ba ta sa hannu ba. Miƙo damtsenka in nuna maka yadda ake ɗaurawa."

Jinin Baba ya hau hawan da ya sa Sista, ta waya, ta ce a wuce da shi babban asibiti a take. Aka ɗora shi a kan magani. Tun daga ranar, kowace yamma in Sista ta tashi aiki sai in ari na'urar in tsallaka. Sunana ya sauya. "Ke, ga Likita nan, kawo masa kujera." Mai karatu, na rubuta wa yarinyar nan kalmomin da in dutse ya ji zai narke, ba su kai ni ko zaure ba. Igiyar roba da ɗan famfo suka kai ni tsakar gida. Sai dai abin ya zo da haraji. Kafin in gama da Baba, maƙwabta sun jeru kowa ya naɗe hannun riga, ni ina famfo, Mutuniyar tana faɗa musu abin da Sista ta ce a kan gishiri da mai da tafiyar ƙafa. Hirar masoya da na yi tanadi tun safe sai ta ƙare a "Inna, saki hannun, kada ki yi magana."

Wannan ita ce jakar da Kodineta, mai kula da shirin, ya kama.

Ya ja ni gefe, bayan shagon mai aski, ya cire hularsa mai tambarin shirin ya share gumi. Kada in zalunce shi, ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai 'ya'ya wanda aka ɗora wa rahoto a ka.

"Ɗan'uwa, masu awo suna nan tafe," ya ce. "Awon ƙarshe. In suka auna tsallake suka ga jininsu ya sauka kamar namu, ka san abin da za su rubuta?"

"Alhamdu lillahi?"

"Za su rubuta babu bambanci. Babu bambanci kuwa a yarensu yana nufin shirin bai yi komai ba. A rufe ɗaki, Sista ta koma gida, wannan na'ura da kake yawo da ita a mayar da ita cikin kwalinta. Abin da kake yi sunansa gurɓata sakamako."

"Ranka ya daɗe, watau so kake mu roƙi Allah jinin Baba ya hau?"

"Ban ce haka ba. Na ce dai kada ya sauka ta hannunmu."

Ya karɓi na'urar. Na ce to, bari in je hannu rabbana, ai gaisuwa ba ta gurɓata komai. Ya sake riƙe rigata. Ya ce bakina ya fi na'urar haɗari, don duk inda na zauna sai na yi wa mutane wa'azin gishiri. Ya roƙe ni in haƙura da tsallake har masu awo su zo su tafi. Na dubi farin ɗakin, na tuna yadda Sista take ɗaura wa tsofaffi igiya a damtse. Na dubi tsallake. Gaba kura, baya sayaki. Na ce na amince.

Na karanta littattafan soyayya fiye da yadda ya kamata mai hankali ya karanta. A cikinsu teku ke raba masoya, ko yaƙi, ko gabar iyaye da kakanni. Ban taɓa cin karo da wanda kwalta mai ramuka ta raba shi da masoyiyarsa saboda rahoto ba. Na kira Mutuniyar na yi mata bayani da murya mai taushi, har na ce sadaukarwa ce domin al'umma.

"To," ta ce. "Awon Baba fa? Ta waya za ka turo?"

"Kwana kaɗan ne, rabin raina."

"Cikin littattafan naka, akwai jarumin da kodineta ya riƙe wa riga ya tsaya?"

Na ce zan duba. Ta kashe waya.

Kwanakin da suka biyo baya a shagon mai aski na yi su, don daga bencinsa ana hango ƙofar gidan su Mutuniyar. Na yi aski, na sake yin aski, har ya ce in ba fatar kan nake so ya cire ba in zauna kawai. An ce garin masoyi ba ya nisa. Wanda ya faɗi haka bai san azabar garin masoyi ya zama kusa har kana jin ƙarar bokitinsu ba. Ina zaune na ga ta fito da Baba da sassafe, ta tare mota, suka nufi babban asibiti don awon da ni nake yi masa kafin shayi ya huce. Ba su dawo ba sai da rana ta karkata. Ta rasa ajinta na yini guda, Baba ya dawo yana jan ƙafa saboda zaman layi. Ta ɗago ta hango ni, na ɗaga mata hannu cikin salon masu ban kwana a tashar jirgi. Ta gyara wa Baba hula suka shige.

"Kai dai ka cika wahalar da kanka," in ji mai aski, yana wasa aska. "Kai kaɗai aka gani da jaka. Ka zauna nan ka ƙirga abin da ke tsallaka titin nan. Waccan matar da ta wuce, daga wurin Sista take, gidan ƙanwarta za ta, kafin ta cire mayafi ta zazzage mata komai. Yaran tsallake kuwa hular shirin suke ara su shiga motsa jiki, hula ɗaya tana yi wa gida uku aiki. Ni nan kaina, duk wanda ya zauna a kujerar nan sai na ce masa ya rage gishiri, kuma ban taɓa tambayar kai daga wane gefe yake ba. Mai shagon tsallake har ƙorafi yake gishirinsa ya yi kwantai."

"To me ya sa ba ka faɗa wa Kodineta ba?"

"Ya sani mana. Ai jiya ya aike ni wurin surukinka."

"Bai zama ba tukuna."

"In ka ci gaba da zama a nan ba zai zama ba. Ya ce in roƙi Baba, in masu awo sun tambaye shi, ya ce yana cin gishiri son ransa kuma bai san wani abu wai shi motsa jiki ba."

"Me Baba ya ce?"

"Ya ce ya yi shekaru yana faɗa wa mutane agogonsu zai gyaru gobe, wannan ƙaryar ta ishe shi zuwa lahira, ba zai ƙara da ta gishiri ba."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Jiya masu awo suka iso. Na riga kowa ganin su, don ina layin mai da babur ɗin yayana tun hantsi, muna matsawa kamar masu rakiyar kunkuru, sai ga jerin manyan motoci farare sun shige ta ƙofar fita, aka cika musu tanki, suka wuce. Wani a bayana ya ce ko wani Mai Girma ne zai buɗe rijiya. Na ce a'a, mu za a je aunawa. Motocin da suka zo duba ɗaki ɗaya, da an jera su da sun yi ɗakin sau biyar, amma wa ya isa ya ce wa mai awo ya auna kansa?

Suka bazu a unguwa, kowa da riga mai aljihu da yawa da kwamfutar hannu. Tunda ni matashi ne mai cin gajiya, aka zaunar da ni gaban wata yarinya mai fara'a.

"A 'yan kwanakin nan, yaya barcinka?"

"Babu."

"Cin abinci?"

"Ina taunawa dai."

"Daga ɗaya zuwa biyar, farin cikinka nawa ne?"

"Akwai ƙasa da ɗaya?"

Ta ce babu gurbinsa. Na fara yi mata bayanin yadda zuciya take zama kamar gidan da aka kwashe kaya, ta ce in zaɓi lamba. Aka ɗaura mini na'ura, ita wannan dai da na saba ɗaura wa mutane, jinina ya nuna abin da ya sa yarinyar ta sake aunawa. Kodineta yana tsaye a bayanta yana leƙe, fuskarsa ta koma kalar toka. Ya hana ni tsallaka titi don ya kare sakamako, ga shi na zama mafi rashin lafiya a duk ɓangaren masu cin gajiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Da rana ta yi sanyi aka tara mu ƙarƙashin rumfa don jin abin da suka kira sakamakon farko. Shugabar masu awo wata dattijuwa ce mai tabarau, da alamar ta ga unguwanni da yawa kuma ƙafafunta sun gaji. Ba a gayyaci na tsallake ba, amma rumfa da lasifika ba sa buƙatar katin gayyata. Suka cika bayan taro, Baba Mai Agogo a kan kujerar da ya zo da ita daga gida, Mutuniyar tsaye a bayansa, ko inda nake ba ta kalla ba.

Shugaba ta ce labari mai daɗi shi ne, a gefenmu hawan jini ya ragu, matasa sun fi motsa jiki, mutane sun san illar gishiri. Muka yi tafi. Ta ce a tsallake ma haka. Na tsallake suka yi tafi, har sun fi mu ƙarfi. Ta jira aka gama.

"Matsalar ke nan," ta ce. "Babu bambanci. A ƙa'idarmu, in babu bambanci, ba za mu iya cewa shirin ne ya yi aikin ba. In kuwa ba mu ce ba, ba za a sabunta tallafi ba."

Na dubi Sista. Tana zaune a ƙarshen benci da farar rigarta da ta sha guga, tana kallon takalminta. Ban san lokacin da idona ya cika ba. Na tuna tsofaffin da suke zuwa tun ba a buɗe ba don su riga juna, na tuna yaran Laraba. Shagon siminti zai koma shagon siminti, saboda lafiya ta yi laifin yawa.

Shugaba ta ce abin yana ba ta mamaki, ta tambaya ko akwai wani shirin da yake aiki a tsallake ba su sani ba. Sai Baba Mai Agogo ya ɗaga sandarsa.

"Ni dai Likitana ne yake auna ni. Ga shi can, mai jan ido."

Duk taron ya juyo. Na miƙe don ban san abin da zan yi ba, sai kuma na zauna. Kodineta ya rufe fuska da hula.

Shugaba ta cire tabarau. Ta ce, "Tsaya. Duk wanda yake da ɗan'uwa, ko suruki, ko aminin da yake shiga gidansa a ɗaya gefen titin nan, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi kamar dawa a gona. Wata tsohuwa ta ɗaga biyu. Mai aski ya ɗaga da tawul a kafaɗa. Na ɗaga nawa ina satar kallon baya, ko za a ce ban kai matsayin ba. Can sai ga hannun Mai Girma Kodineta yana tasowa a hankali, kamar wanda ake ja da igiya. Ashe matarsa 'yar tsallake ce, kuma duk takardun wayar da kai da yake kaiwa gida, ita take kai wa mahaifiyarta a cikin kwandon cefane.

Dariyar da Shugaba ta yi ba ta izgili ba ce, ta gajiya ce. Ta ce wanda ya ja layin nan a taswira ya ga titin, bai taɓa tsayawa a bakinsa ba. Wani dattijo ya ce ai zumunta a ƙafa take, ta ce ta sani, ita ma tana da ƙafa.

"Ni na yarda shirin ya yi aiki," ta ce. "Idona ya gani. Amma na sama ba sa karanta ido, bambanci suke karantawa."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," in ji Baba.

"Baba, su mudun suke so."

Ta yi ɗan tunani, ta yi waya a gefe tana ta "ranka ya daɗe" da wani wanda ko ta waya sai da ta rusuna masa. Ta dawo ta ce akwai mafita ɗaya. Za a haɗe gefe biyun su zama masu cin gajiya, a ƙara wa shirin shekara, amma da sharaɗin a samo sabon ɓangaren kwatance: unguwar da babu ko mutum ɗaya a cikinmu da yake da dangi a can.

Mai karatu, ban taɓa sanin unguwarmu ta auri duk garin ba sai jiya. Aka ce bayan kasuwa, wata ta ce can gwaggonta take. Aka ce wajen tasha, mutum uku suka miƙe. Aka ce gangaren rafi, mai aski ya ce can aka yanke masa cibiya. Duk unguwar da aka ambata sai wani ya yi gyaran murya cikin jin kunya, kamar samun kawu laifi ne. Mutane suka fara hararar masu dangi da yawa. Na ji wani yana raɗa wa matarsa, "In aka ce unguwar su yayarki, ki yi shiru, ai ba kwa shiri."

Daga ƙarshe wani ya ce bayan tsohuwar masana'anta, can inda mota take juyawa. Aka yi shiru ana jiran gyaran murya. Babu. Shugaba ta sake tambaya. Babu wanda yake da kowa a can. Sai wuri ya kaure da tafi da hamdala, kamar an yi mana albishir da ruwan famfo. Mun samo bayin Allah da ba mu sani ba, waɗanda za su zauna ba magani domin a tabbatar muna da lafiya. Sista ta share ido da gefen mayafi. Kodineta ya ɗauko na'urar ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce yanzu tsallake halal ne.

A nan ya kamata in yaba wa Iyayen Tallafi, kuma na yaba. Ba ƙaramar basira ba ce a ce sai an ga marar lafiya a gefe kafin a yarda mai lafiya ya warke. Ina ba da shawara a faɗaɗa tsarin. A daina ba rabin gari wuta don a gane amfanin lantarki, a bar rabin tituna da ramuka don a auna daɗin kwalta. Da na faɗa wa mai aski haka, sai ya ce ai an daɗe da farawa, mu ne dai ba a gaya mana muna ɓangaren kwatance ba.

Na ɗauki kujerar Baba a ka, na'ura a hammata, muka tsallaka titi mu uku a gaban kowa. Baba ya yi gaba yana gaisawa da mutane. Na rage tafiya don in daidaita da Mutuniyar, na fara jero mata abin da na tanada a bencin mai aski, yadda kwanakin nan suka zame mini shekaru, yadda titin nan ya fi kowane teku faɗi.

"Mutanen bayan masana'anta," ta katse ni, "ba su da tsofaffi ne?"

"Suna da su mana."

"Wa zai auna su?"

"Za a auna su da farko, a auna su a ƙarshe."

"A tsakani fa?"

Na sauke kujerar daga kaina. Na ce ta yi wa Allah ta tuna abin da muka tsallake yanzun nan. Na ce in aka sake samun babu bambanci baɗi, ɗakin Sista ne a kan siraɗi. Na yi mata bayanin gurɓata sakamako tiryan-tiryan, har na ji muryar Kodineta tana fita daga bakina.

"Baɗi sai su haɗe su da mu, su nemo wata unguwar," ta ce. "A haka a haka har garin ya ƙare."

Ina da amsoshi masu nauyi, mai karatu, na karanta littattafai. Amma mutumin da kujerar uban yarinya take hannunsa, kuma ba a riga an ce an ba shi ba, ba ya cin gardama a bakin titi. Iyayen Tallafi su yi haƙuri da abin da mudunsu zai nuna baɗi, ni ɗan rakiya ne.

Ta juya wajen shagon mai aski, inda Kodineta ya zauna yana shan ruwa, ta ɗaga murya yadda take yi wa 'yan bayan aji.

"Ranar Asabar da safe bayan masana'anta za mu, ni da Likita da na'urar. Wanda zai riƙe riga ya fito da wuri."